Subiyar Hajja Turai

"Khala Rahamatu, ki zo. Ummi ta ce a shigo mata da randar cikin ɗaki, ni kuwa ba zan iya ni kaɗai ba."

Zakiya ce ta leƙo ta saman katangar kwano da ta raba gidanmu da nasu. Khala take ce mini, wato inna. Ina tsugune ina ɓarar gyaɗa, azahar ta ɗan gota, ga azumi, ga zafin Jidda irin wanda ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa.

Na ce mata, "Uwar nan taki ko a kan gado ba za ta bar mutane su huta ba." Amma na kakkaɓe zanina na zagaya.

Turai maƙwabciyata ce tun ranar da muka sauka a unguwar Nuzla, ni da maigidana, Allah ya jiƙansa. Ita Bahausar Sudan ce, a Mai Wurno aka haife ta, ni kuwa daga Katsina muka taso. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Bakatsiniya. Tana yi wa Larabcina dariya, ina yi wa Hausarta. Mun yi faɗa a kan kaji, mun yi a kan ruwan wanki da ke gangarowa ta ƙarƙashin katanga, amma ba mu taɓa kwana da gaba ba, domin ita ba ta iya riƙo ba, ni kuma ba na iya yin shiru.

Mijinta Usuman ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Tun shekarar da ya rasu ta ɗaukar wa kanta wani abu: duk azumi sai ta yi subiya ta aika ƙaramin masallacin da ke ƙarshen lungunmu, inda 'yan dako ke buɗe baki in sun taso aiki. Ba ta sayarwa. Sadaka ce, ladan kuma na Usuman.

Subiya abin shan mutanen Hijaz ce. A jiƙa sha'ir da busasshiyar gurasa a randa, a rufe, a bar su su tsimu, sannan a tace, a sa kirfa da sukari da wata ƙwaya mai ƙamshi da ake kira hel, a jefa ƙanƙara. Kowa zai iya wannan. Wuyar aikin tana wurin sanin lokacin tacewa. In an yi gaggawa, ruwan gurasa aka ba mutane, lami. In an yi jinkiri, sai ta zarce ta zama abin da Musulmi ba ya kusanta, balle mai azumi. Tsakanin biyun ɗan taƙi ne, in ana zafi kuma ya ƙara ƙanƙancewa. Turai da kunne take ganewa, tunda da rana take tacewa, bakinta da azumi. Sai ta ɗage murfi ta kara kunne a bakin randa. In shiru, da saura. In tana ɗan raɗa, ta kai. In ta fara surutu, a cewarta, to ta zama ta shaiɗan. Abin alfaharinta a duniya shi ne randarta ba ta taɓa yin surutu ba.

A azumin da nake ba ku labari, ciwo ya riga ya kwantar da ita. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi sai da dabara. Zakiya, 'yarta tilo, ta baro gidan mijinta a unguwar Bani Malik ta dawo jinya. Likita ya ce kada ta kuskura ta yi azumi, ta ce masa ta gode, ta dawo gida ta ɗauki abinta. Babu irin roƙon da ba mu yi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata taurin kai ba ibada ba ne.

Ta ce, "Tun da na daina fashin salla ban sha azumi ko ɗaya ba. Abu guda nake roƙon Allah, in zai ɗauke ni ya ɗauke ni da azumi a bakina. Ke kuma ki je ki ji da gyaɗarki."

A haka, tana kwance, ta sa Zakiya ta jiƙa mata sha'ir. Dukanmu mun san wannan ce randar ƙarshe, amma babu wanda ya faɗa.

Muka ɗora randar a kan buhu muka ja ta daga rumfar tsakar gida har bakin gado, ina nishi ina mita. Ɗakin ya yi zafi kamar an rufe tukunya. Turai na jingine da matasai biyu, ta rame har ɗankwali ya yi wa kanta yawa.

Ta ce, "Ku bi ta a hankali. Ba jaki kuke ja ba."

Zakiya ta ɗage faifan da aka rufe randar da shi, ta tallafo kan uwarta ta sunkuyar da shi. Turai ta lumshe ido, ta kara kunne. Ta daɗe. Ta juya ɗaya kunnen, ta sake daɗewa. Sannan ta koma kan matashi tana haki.

"Shiru take, ba ta farka ba. A mayar da ita. In ladan Ɗan'azumi ya zo ɗauka, ki ba shi haƙuri, yau su sha ruwa. Gobe war haka ki tace ki ba shi. Ko barci nake kada ki tashe ni, ki tace kawai."

Ni kuwa ina tsaye, ko sunkuyawa ban yi ba, ina jin randar. Tana yin wani siririn shuu, ƙananan kumfa na tasowa suna fashewa a gefe. Na dubi Zakiya, na ga ita ma tana ji, sai dai ba ta san abin da take ji ba. Haihuwar Jidda ce, ta tashi da lemon kwalba, ba ta taɓa tsayawa ta koyi aikin uwarta ba.

Na yafuto ta muka fita tsakar gida.

"Zakiya, subiyar nan ta kai. Kunnen uwarki ne ya tafi. In aka bar ta ta kwana a zafin nan, gobe ba subiya za ki tace ba."

Ta ce, "Ya khala, ni ma adri, ban san komai a ciki ba. Ummi ta ce bukra, gobe ke nan, halas. Abin da ta ce shi zan yi."

"To mu tace yanzu a ɓoye."

"La wallah. In yi mata ƙarya tana wannan hali? Ba da ni ba."

Na tsaya a rana ina tunani. Da na iya kama bakina, da na koma ga gyaɗata na bar uwa da 'ya da randarsu. Mace ce da ba ta da saura a duniya sai abu biyu, azuminta da sanin subiyarta, ga shi zan shiga in ce mata ɗaya ya tafi. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Amma na tuna mutanen masallaci, waɗanda ke wuni suna ɗaukar buhuna da ƙishirwa, su karɓi kofi daga hannun ladan ba tare da tambaya ba, don sun san daga gidan wa ya fito. Na koma ɗaki.

"Yaya, randar nan tana magana. Ke ce ba ki ji ba."

Ta buɗe ido ta dube ni sama da ƙasa. "Bakatsiniya, yaushe kika koyi subiya?"

"Ban koya ba. Amma shekara da shekaru kina jawo ni ki ce in saurara, ki yi mini dariya. To yau na saurara. Tana raɗa, kuma ba ƙaramar raɗa ba."

"Zakiya, kina jin wani abu?"

Zakiya ta sunkuyar da kai. "Akwai ɗan sauti, ya ummi. Shuwayya."

Turai ta sa aka sake tallafo ta. Wannan karon har kunnenta ya taɓa bakin randar. Ina kallon fuskarta, na ga lokacin da ta gane cewa ba randar ce ta yi shiru ba. Ta koma ta kwanta ta zuba wa rufin kwano ido.

Don in rage mata zafin abin, na tsoma yatsa na ɗora a kan harshe, na fita na tofar na kurkure baki.

"Da ɗan tsami," na ce. "Amma ban iya cewa ga inda ta tsaya ba."

"Ba za ki iya ba," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Harshe ba ya faɗin gaskiya a kan subiya. A maƙogwaro ake ganewa, sai an haɗiye."

Zakiya ta ce, "To a jira a buga igwar shan ruwa da magariba, sai a ɗanɗana."

Na ce, "Kafin igwa, a ƙarƙashin kwanon nan, Allah kaɗai ya san inda za ta kai. Ko a ba wani yaro ya kurɓa?"

Turai ta ɗan yi tsaki. "Yaro ya san sukari. Me ya sani ban da shi?"

"To a zubar, kowa ya huta. Allah ya ga niyya."

"Sadakar Usuman za a zubar a kwata?" Ta juyo da kai ta dube ni. "Wata randar kuma wa zai tsaya a kanta? Ke?"

Gaskiya ta faɗa. Amma sai ta koma kan bakanta, irin na masu taurin kai in sun rasa mafita. "Wataƙila kunnenku ne ke ƙara gishiri. A bar ta zuwa gobe, in sake ji da sanyin safiya."

A nan ne na faɗi abin da ya fi komai nauyi a bakina.

"Yaya, in gobe ba kya nan fa? Yarinyar nan za ta tace ta aika masallaci, don kin ce ta yi. Mutane su buɗe baki da ita, su tashi su yi sahu."

"Haram alaiki, khala," in ji Zakiya, idonta ya cika da ƙwalla. "Wace irin magana ce wannan a gaban mara lafiya?"

Turai ta ɗaga mata hannu. Ana jiyo kukan akuyar wani gida da ƙarar amalanken mai ruwa a lungu. Ta daɗe tana kallon hasken rana da ya shigo ta hujin kwano ya sauka a kan tabarma.

"La'asar ta yi?"

"Da saura," na ce.

"Da nisa ke nan." Ta ja numfashi. "Ba ni ludayi."

Zakiya ta durƙusa a bakin gado ta riƙe hannunta. Ita da ta yi kwanaki tana roƙon uwarta ta kurɓi ruwa, yau ita ce ke roƙonta kada ta sha.

"Ummi, saura kaɗan. Kin kai fiye da rabi. Ki bari, Allah yikhalliki, ki bari."

"Duk unguwar nan ni kaɗai aka yarje wa in haɗiye abu da rana. Likitanki ma ya faɗa. Ba ni."

Zakiya ta ƙi tashi. Ni na ɗauko ludayin daga kan faifai, na kawar da gurasar da ta taso sama, na ɗebo ruwan ƙasa. Na miƙa mata. Ta yi bismilla, ta kurɓa, ta riƙe a baki, sannan ta haɗiye. Muna kallon maƙogwaronta ya motsa. Ta lumshe ido.

"Ta kai," in ji ta. "Ta kai har ta fara leƙen waje. Ku tace yanzu-yanzu."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shige cikin ɗankwali. Ba ta share ba. Ni kuwa na san abin da ta bayar, kuma na san bakina ne ya jawo. Ban ga wata hanya ba a lokacin, har yau ma ban gani ba, amma abin ya yi mini ciwo.

Can ta buɗe ido ta ce, "Bakatsiniya, ashe kunnenki ya fi bakinki amfani. To tunda an sha, a ba ni ruwan tulu mai sanyi, in sha da hujja."

Ta shanye kofi guda, ta nemi ƙari. Ta ce ba ta san ƙishirwa ta kai mata haka ba.

Muka ja randar muka mayar rumfa, muka bar ƙofar ɗaki a buɗe don ta riƙa ganinmu. Na ɗaura farin mayafi a bakin babban baho, Zakiya na zubawa ina matsewa. Ba ta yi mini magana, ni ma ban neme ta da magana ba. Daga kan gado Turai ke ba da umarni, kalma ɗaya sai hutu.

"Kada ku matse da ƙarfi. Ɗaci zai fito."

Muka sassauta.

"Sau biyu ake tacewa. Zakiya, ki duba da kyau. Ki ga yadda take yi."

"Ina gani, ya ummi."

"Kirfar tana cikin gwangwanin shayi. Hel ɗin a daka shi, kada a jefa da ɓawo."

Na daka hel a ƙaramin turmi, ƙamshi ya cika gidan. Aka kira la'asar, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya don kada a bar bahon a buɗe ga ƙudaje. Mai ƙanƙara ya wuce da kurarsa, na tsayar da shi ya saro mana babban gutsure, na wanke dusar katakon da ke jikinsa. Zakiya ta ɗauko sukari ta fara zubawa da kofi.

"Ya isa," in ji Turai daga ciki. "'Yan dako ne, ba 'yan biki ba."

Zakiya ta yi 'yar dariya, ta farko a wunin nan, ta ajiye kofin. Muka juya, muka raba a bokiti biyu, muka fasa ƙanƙara muka jefa. Launinta ya fito fari-fari mai ɗan duhu, yadda ya saba.

"Ummi, a ƙara kirfa ko ta isa?"

Ba a amsa ba. Zakiya ta sake tambaya, ta goge hannu a zani ta shiga. Ina daga rumfa na ji ta tana kiran uwarta a hankali, sau biyu, sannan na ji ta fara salati. Na ajiye muciya na bi ta.

Turai na nan yadda muka bar ta, fuskarta na kallon ƙofa, hannunta ɗaya a kan kofin ruwa. Na taɓa wuyanta, na kara kunne a ƙirjinta. Na rufe mata ido, na cire ɗankwalina na ɗaure mata haɓa, muka miƙar da ƙafafunta muka lulluɓe ta. Zakiya ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina kai da gadon.

Sai can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin bar ta, khala, da yanzu ta tafi da azuminta. Shi kaɗai ta roƙa."

"Haka ne," na ce. Na zauna kusa da ita, ba ta matsa ba.

Muna nan zaune har inuwa ta cinye tsakar gida. Sai muka ji sallama a ƙofa. Malam Ɗan'azumi ne, ladanin masallacin, tsoho ɗan siriri, abokin dakon marigayi Usuman. Ya zo da sandarsa ta ɗaukar bokiti a kafaɗa, yadda yake zuwa duk shekara.

"Salamu alaikum. Yaya jikin Hajja? Yau muna da rabo kuwa?"

Na fita na faɗa masa. Ya sauke sandar, ya cire hula ya mayar, ya yi ta maimaita innalillahi. Ya tambayi lokacin, na ce bayan la'asar.

"Allahu akbar. Da azumi a bakinta ke nan, yadda take fata."

Na buɗe baki, sai Zakiya ta riga ni daga bakin ƙofa, tana kiransa ammi, wato baffa.

"A'a, ammi. Ta sha. Ta ɗanɗana muku subiya."

Tsohon ya dube ta, ya dubi bokitan biyu a ƙarƙashin rumfa, raɓa ta feso a jikinsu. Ya share fuska da gefen rawaninsa ya ce bari ya je ya sanar, a shirya jana'iza, subiya kuwa a bar ta, yau ba ranarta ba ce.

Zakiya ta wuce shi ta shiga rumfa. Ta ɗauko farin ƙyalle ta yaga biyu, ta rufe bakin kowane bokiti ta ɗaure, ta ɗauki sandar ta rataya su da kanta.

"Ka ɗauka, ammi. Kada ka faɗa musu sai sun sha."

Ya sunkuya ya sa kafaɗa. Na riƙe masa ƙyaure ya fita a karkace. Muka tsaya a bakin ƙofa ni da Zakiya muna kallonsa. Rana ta yi ja a kan rufin gidaje, lungu ya cika da ƙamshin suyar sambusa. A can ƙarshe, a gaban masallaci, 'yan dako sun jeru a kan tabarmi da kayan aikinsu a jiki, kowa da kofinsa a gaba. Malam Ɗan'azumi na tafiya a hankali don kada ta zube, ƙanƙara na bugun gefen bokiti.